Bayan An Naɗe Tabarmi

A wata unguwa ta birnin Damagaram akwai wani dattijo, ma'aikacin gwamnati, wanda ya share shekara fiye da 30 yana riƙe da littattafan kuɗi a biro. Abokan aikinsa sun shaide shi da hali guda: in dala ɗaya ta ɓace a lissafi, ba ya tashi daga kujera sai ya gano layin da ta maƙale, ko da kuwa kowa ya watse an bar shi daga shi sai mai gadi. Wannan hali da ya jawo masa yabo a wurin aiki, shi ne ya zame masa azaba bayan rasuwar ɗansa na fari.

Yaron yana da shekara 18, yana ajin ƙarshe a lise, jarrabawar bak saura ƴan makonni. Ran wata Alhamis cikin bazara, ranar da kasuwar Dole ke ci, uban ya dawo gida cin abincin rana da kuɗin hatsi a aljihu, waɗanda ya yi alkawarin kai wa wani ɗan kasuwa kafin la'asar. Ya ci ya sha fura, zafi ya kwantar da shi. Maimakon ya tashi, sai ya ɗaga murya daga inuwa ya ce, "Kai!" Yaron ya fito daga ɗakinsa na bakin zaure da alƙalami a hannu. Uban ya miƙa masa kuɗin da makullin moto, ya ce, "Kai wa mai hatsi, ka yi sauri." Ba a yi rabin awa ba sai ga mutane a ƙofar gida. Wata babbar mota ce a mararraba. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Mai karatu ya san al'ada, ɗan fari iyaye ba sa kama sunansa. Tun ran suna bakin uban bai taɓa furta sunan yaron ba, ba don ƙarancin ƙauna ba, sai don kunya irin wadda ya gada. In zai kira shi, "kai" ne; in zai yi zancensa, "yaron nan" ne. Da ya rasu kuma sai ya koma "marigayi" a bakin kowa. Ta haka sunan da aka yanka wa rago ya fita daga gidan, ba wanda ya lura da ranar da ya fita.

Zaman makoki dattijon ya yi shi yadda ake so. Jama'a ta cika ƙofar gida, dangi suka zo daga Mirriya da Magarya da Matamaye, abokan aiki suka zo layi-layi. Kowa ya durƙusa ya ce, "Sai haƙuri, Alhaji," shi kuma ya amsa da godiya, muryarsa ba ta rawa. Ba wanda ya ga hawayensa, har limamin unguwa ya riƙa ba da misali da shi. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, aka naɗe tabarmi aka mayar wa masu su. Ƙannensa, da kyakkyawar niyya, suka kwashe ɗakin yaron don kada uwar ta riƙa ganin abin da zai tayar mata da ciwo: tufafi aka yi sadaka da su, katifa aka ba almajirai, moto aka sayar yadda ya lanƙwashe. Buhunan hatsin nan, da ɗan kasuwar ya aiko daga baya, a cikin ɗakin aka jibge su, ya zama rumbu.

Da rana yana biro, aikinsa bai ragu da komai ba. Da dare ne yake buɗe wani littafin da ba a rubuce yake ba. Da ya tashi da kansa. Da ya bari sai rana ta yi sanyi. Da ya ce a tafi a ƙasa. Da bai ƙara kalmomi ukun nan na ƙarshe ba. Ya bi ranar layi-layi, daga fitowarsa biro har zuwa sallamar mutanen nan, ya hau ya sauka, yana neman inda kuskuren ya shiga. Ya san da-na-sani ƙeya ce. Ya san malamai sun yi hani da irin wannan tunani, kuma shi mutum ne mai imani da ƙaddara, ba ya wasa da salla. Amma kan da ya saba bin sawun dala ɗaya har tsakar dare ba ya jin tsawa.

Ya kusa shekara biyu a haka. Barci ya ƙaurace masa, ya koma zama gaban tele bayan kowa ya kwanta, murya ƙasa-ƙasa, ba don yana kallo ba. A irin wannan dare ne wata tasha mai magana da Faransanci ta saka wani fim na ƙasar Italiya.

Sunan fim ɗin a harshensu La stanza del figlio, da Faransanci La Chambre du fils, watau ɗakin ɗa. Nanni Moretti, wanda aka haifa a 1953, shi ya tsara shi, shi ne kuma ya fito a matsayin uban. Ya fito a 2001, a shekarar kuma ya ci Palme d'or, babbar kyautar bikin finafinai na birnin Cannes a Faransa, wadda rabon Italiya da ita tun 1978, lokacin da Ermanno Olmi ya karɓa. Duk wannan bai dami dattijon ba. Abin da ya hana shi kashe tele da fari shi ne mamaki, don ya ga an daɗe ana fim ba abin da ya faru.

Iyali ne na mutum huɗu a Ankona, wani birni na bakin teku mai tashar jiragen ruwa. Uban, Giovanni, likita ne irin wanda ba ya allura ba ya ba da ƙwaya, aikinsa sauraron masu damuwar zuciya suna zayyana abin da ke cin su. Matarsa Paola, wadda Laura Morante ta fito a matsayinta, tana aikin buga littattafai. Suna da ɗa, Andrea, da ɗiya, Irene, mai wasan ƙwallon kwando. Ana ci, ana hira, ana waƙa cikin mota. Babbar fitinar gidan ita ce an zargi yaron da ɗauke wata katantanwa da ta zama dutse daga lakwal ɗinsu; ya musanta a gaban uban, daga baya ya gaya wa uwar a ɓoye cewa shi da abokinsa ne suka ɗauka don wasa, ta fashe a hannunsu. Uban kuma yana jin haushin yadda ɗan nasa ba ya damuwa da cin wasa ko faɗuwa. Wanda ya saba da finafinan Indiya da na Kano, inda kafin a je ko'ina an nuna maka mugu ka fara tsine masa, zai ce wannan ba labari ba ne. Ba kishiya, ba boka, ba maƙiyi. Kuma nan ne ƙarfin fim ɗin yake, domin in masifa ta zo babu wanda za a nuna da yatsa.

Ran wata Lahadi da safe, uban ya shawo kan ɗansa su fita gudu tare. Sai waya ta yi ƙara: wani daga cikin masu zuwa wurinsa, Oscar, ya shiga firgita saboda wani ciwo da likitoci suka gano masa, yana roƙon a zo a gan shi a gida. Giovanni ya ce wa yaron a bari sai wani lokaci, ya ɗauki mota ya tafi. Andrea kuwa ya bi abokansa nutso cikin teku, irin wanda ake yi da tulun iska a baya. Bai dawo da rai ba.

Daga nan dattijon ya gyara zama. Ya ga wannan Bature, mai ilimin zuciyar mutane, yana yin abin da shi yake yi kowane dare. Fim ɗin yakan koma safiyar Lahadin nan kamar yadda Giovanni yake so ta kasance: ya ce wa mai wayar ba zai samu zuwa ba, ya ajiye, ga shi ga ɗansa suna gudu kafaɗa da kafaɗa. Sai a dawo falo, ba kowa. Ya tafi kantin masu sayar da kayan nutso yana tambaya dalla-dalla yadda na'urar take aiki, ko za a ce masa ga abin da ya lalace. Ya zauna gaban rediyo yana mayar da wani ɗan guntun kiɗa baya, ya saurara, ya sake mayarwa, ya sake, har matarsa da ɗiyarsa suka rasa inda za su sa kansu. Ya kasa duban Oscar da idon rahama, alhali mutumin bai yi laifin komai ba sai rashin lafiya. Dattijon ya tuna shi ma shekara biyu ke nan bai bi ta layin masu hatsi ba, in ya hango ɗan kasuwar nan a wurin ɗaurin aure sai ya sake wurin zama.

Akwai wurin da ya kau da kai. An nuna iyalin suna ban kwana da gawar a cikin akwati, sannan ma'aikata suka zo suka narka dalma suka liƙe murfin ƙarfe, suka ɗora na katako, suka ɗaure sukurori ɗaya bayan ɗaya, ƙarar tana shiga kunne. Da fari ya ce a ransa, waɗannan mutane suna wahalar da kansu, ina amfanin tsayawa kallon wannan? Can kuma sai ya tuna cewa uwar da ke cikin fim ta tsaya har ƙarshe, tasa matar kuwa abin da ta gani na ƙarshe shi ne makara tana fita daga zaure a kafaɗun maza. Bai taɓa gaya mata gefen da aka sa shi ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

Dole a faɗi gaskiya, a makon farko al'adar ƙasar Hausa ta fi tasu jinƙai nesa ba kusa ba. A gidan Ankona babu zaure cike da maza, babu tsakar gida cike da mata, babu akussan tuwo da ke shigowa daga maƙwabta. Mutum uku ne suka dawo suka rufe ƙofa, kowa ya nufi kusurwarsa. Wanda ya taɓa rasa nasa ya san darajar mutumin da ya bar rumfarsa ta kasuwa kwana uku ya zo ya zauna kusa da shi, ko bai ce uffan ba. Sai dai tabarma aro ce, ana naɗe ta. Bayan arba'in, gidan Damagaram da gidan Ankona sun zama gida ɗaya. Kalmar haƙuri kuma, wadda ranar farko take sauka a zuciya kamar ruwan sanyi, in aka yi wata shida sai ta sake ma'ana a bakin mutane, ta koma "kada ka sake tayar da maganar nan". Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma an riga an yabe shi a gaban jama'a cewa ɗakinsa ba ya yoyo, da wane baki zai nemi a kama masa gyara?

Fim ɗin bai raga wa masu wa'azi ba. Wani limamin coci ya kawo wa iyalin misalin maigida da ɓarawon dare don ya nuna musu ajali ba ya sallama, Giovanni ya dawo gida yana huci, yana tambayar wace irin magana ce wannan za a gaya wa wanda ya binne ɗa. A nan dattijon bai bi shi ba. Shi addu'ar malamai ta riƙe shi, ba ya musun haka. Amma ya gane fushin. Ya gane kuma wurin da mutumin ya tsaya cikin madafa yana ɗaga kwanuka da butar shayi ɗaya-ɗaya, yana nuna wa matarsa cewa komai na gidan nan a tsage yake, an dai liƙe ne.

Wadda ta fi ba shi kunya ita ce Irene. Yarinyar ta rikiɗe, ta tayar da faɗa a filin wasa har aka dakatar da ita, iyayen kuma kowa na fama da nasa. Shi ma yana da ɗiya, mai sunan mahaifiyarsa, wadda yake kira Uwata. Shekararta 14 lokacin rasuwar. Kwana bakwai na makoki tana jan ruwa tana wanke kwanukan baƙi, bai ji mutum ɗaya ya tsayar da ita ya yi mata ta'aziyya ba, kamar ba wanta ne ya mutu ba. A shekarar ta faɗi jarrabawa, ya zaunar da ita ya yi mata faɗa mai tsanani a kan lalaci.

Giovanni ya kai inda ya kasa sauraron kukan kowa, ya sallami masu zuwa wurinsa ya rufe aikin. Tsakaninsa da Paola magana ta ƙare. Abin da ya motsa gidan daga waje ya zo: wasiƙa ce daga wata yarinya, Arianna, wadda ta haɗu da Andrea lokacin hutu, ta rubuto masa kalaman so ba ta san ya rasu ba. Iyayen ba su taɓa jin sunanta ba. Uban ya yi ta fara rubuta mata amsa yana kasa gamawa. Uwar ta kira ta a waya, yarinyar ta ji tsoron zuwa. Rannan kwatsam sai ga ta a ƙofa, da hotunan da Andrea ya ɗauki kansa cikin ɗakinsa ya aika mata, yana wasa yana dariya, da wata fuska da iyayen ba su san yana da ita ba. Tana kan hanyar zuwa Faransa ne tare da wani saurayi, suna neman motar da za ta rage musu hanya. Iyalin suka ce bari su kai su bakin babban titi. Ba a samu mota ba, suka ƙara gaba kaɗan, suka ƙara, har suka kwana suna tafiya, gari ya waye musu a iyakar Faransa. Irene ta farka tana mita, iyayen suka dubi juna, dariya ta kuɓuce musu, ta farko tun ranar Lahadin nan. Baƙin suka hau bas. Ta tagar bas ɗin ake hango su ukun a bakin teku, suna tafiya cikin rairayi, ba a haɗe ba, ba kuma nesa da juna ba. Fim ya ƙare a nan. Ba a ce sun warke ba.

Dattijon bai tashi daga wurin ba sai da ladan ya kira assalatu.

Da ya dawo daga masallaci ya tarar da uwargida tana hura wuta. Ya tsaya a kanta har ta ɗago.

"Hajiya, ashe ba abin da ya rage na yaron nan?"

"Me ya kawo wannan magana da sassafe, Alhaji?"

"Tambaya ce kawai."

Ba ta amsa ba. Ta gama dama kunu, ta zuba, ta wanke hannu, sannan ta shiga ɗaki. Ya ji tana sauke jeren kwanoninta na aure. Daga cikin babbar langa ta can ƙasa ta fito da wani abu naɗe cikin kallabi. Kaye ne, littafin rubutu na lakwal, wanda yaron ya bari a buɗe ranar da aka kira shi. Ta ɗauke shi tun kafin ƙannen maigida su shiga ɗakin. Ita ba ta yi boko ba. Shekara biyu tana buɗe shi in ba kowa, tana bin rubutun da yatsa, ba ta san abin da ya ce ba.

"Na sha yin niyyar in ce ka karanta mini," in ji ta, "sai in ga kai ka riga ka haƙura."

Shi kuwa duk tsawon lokacin nan ita yake gani ta haƙura.

Suka zauna a bakin murhu. Shafukan gaba darussan lissafi ne. Da ya juya littafin ta baya, sai ya ga layuka an ja su da rula, tsaf: kwanan wata, abin da ya shiga, abin da ya fita, saura. Ashe yaron da wani abokinsa suna kiwon tantabaru ne a gidan su abokin, don uban ya taɓa hana a kawo su gida, ya ce suna raba yaro da karatu. Ga kuɗin dawa, ga na waya da katako, ga ƴan shila da aka sayar ran kasuwa, ga jimla an ɗauke ta daga ƙasan shafi an kai kan na gaba, daidai yadda ake yi a biro, ko da yake bai taɓa zaunar da shi ya koya masa ba. Ya karanta wa uwar layi-layi yana fassarawa. Ya haɗa lissafin a ka, ya sake haɗawa. Ko dala ba ta ɓace ba.

Layin ƙarshe bashi ne: jika 3 da dala 40, na abokin, ba a biya ba. Ranar jana'iza liman ya yi cigiya ko akwai mai bin marigayi bashi, ba wanda ya yi magana.

Ya kira ɗiyarsa. "Uwata, kin san gidan su wannan yaro?"

"Na sani, Baba. Ni nake kai musu dussa."

Da la'asar suka tafi su biyu a ƙasa. Abokin ya zama saurayi, yana koyon ɗinki a wata rumfa kusa da gidansu. Shi ne yaron da dattijon ya sha gani yana tsallake titi in ya hango shi, ya ɗauka rashin tarbiyya ne. Ya taso da sauri ya durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, ɗana. Bashi na zo biya."

"Bashin wa, Baba?"

Dattijon ya buɗe baki zai ce "yaron nan", ya ga ba za ta yi ba. Zai ce "marigayi", ita ma ta ƙi fita. Sai ya faɗi sunan. Ya fito masa a shaƙe, kamar kalmar wani harshe da bai iya ba, har ya sake faɗa don a ji. Yarinyar ta juya ta fuskanci bango.

Saurayin ya rantse ba zai karɓa ba, ya ce ai shi ne ke riƙe da kayan wani. Ya kai su bayan gida ya nuna musu akurki: tantabarun sun hayayyafa, rabin su na abokinsa ne, bai taɓa sayar da ko ɗaya daga rabon nan ba, ya dai rasa yadda zai tunkari gidan. Dattijon ya ce wannan daban, wancan daban. Ya kama hannunsa ya ƙirga masa kuɗin a tafi, ya ari alƙalami a rumfar ɗinki, ya rubuta a gaban layin ƙarshe cewa an biya, ya sa kwanan wata.

Ana kiran magariba suka shigo unguwa, yarinyar na ɗauke da kwali mai huda-huda a ka, abin da ke ciki yana motsi. Ƙofar ɗakin bakin zaure a buɗe take, an jawo buhuna biyu waje, uwargida na tsaye a ciki da tsintsiya a hannu.